Teburin da ya yi wata goma yana ɗingishi: nazarin wani gyara a Mai Wurno

Gidan da teburin

Lamarin ya faru ne a gidan goggona a Mai Wurno, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, a bakin kogin Nilu, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa tare da jama'ar da suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ƙasar wannan yanki baƙar laka ce, irin wadda ake noman auduga a kanta a Jazira. Da rani takan bushe ta dare, har yaro ya zura hannu a tsagar. Da damina kuma ta sha ruwa ta kumbura. Daɓen simintin kicin ɗin goggo a kan wannan laka aka zuba shi, kuma akwai wata siririyar tsaga da ta taso daga bakin ƙofa ta nufi tsakiyar ɗaki.

Teburin, wanda mutanen nan ke kira tarabeza, an yi shi a 2014 da katakon muski, farin katakon nan mara nauyi da ake shigowa da shi daga waje. Tsawonsa santimita 120, faɗi 70, tsayi 75. Kaurin kowace ƙafa santimita 6 ne ta kowane gefe. A ƙarƙashin fuskar teburin akwai katakai huɗu da suka kewaye shi kamar ɗamara, su ne ke riƙe da ƙafafun. Bakin kowane katako an fere shi ya zama harshe, an cusa a ramin da aka sassaƙa a jikin ƙafa, aka sa gam. Mahaɗa takwas ke nan.

Tun 2019 goggo ke ɗaure injin niƙa na hannu a gefen teburin. Tana niƙa gyaɗa ta yi dakwa ta sayarwa, tana kuma haɗa yaji wa babban ɗanta mai sana'ar agashe. A rana takan yi awa guda ko fiye tana juya hannun injin. Don sauƙin bayani zan kira ƙafafun da sunan abin da ke kusa da kowace: ƙafar ƙofa, ƙafar taga, ƙafar murhu da ƙafar randa. Ta ƙofa da ta murhu suna kallon juna kusurwa da kusurwa, haka ta taga da ta randa.

Fabrairu zuwa Maris 2021: farkon motsi

A tsakiyar Fabrairu goggo ta fara jin teburin yana buga ƙafa in tana yanka albasa. Ta naɗe kwali ta cusa a ƙarƙashin ƙafar ƙofa. Kwana uku ko huɗu kwalin ya lotse. Aka sa murfin kwalba, ya zame. Aka yanko guntun tsohon silifas, shi ne ya fi daɗewa, amma duk ranar da aka yi shara sai an neme shi an mayar.

Ranar 20 ga Maris na auna. In aka danne ƙafar murhu, ratar da ke ƙarƙashin ƙafar ƙofa milimita 4 ce. Na kuma lura in aka tura teburin ta gefe, samansa yana yin gaba da kamar santimita ɗaya alhali ƙafafun suna tsaye a inda suke. Na rubuta duka biyun, amma a lokacin mun ɗauke su abu ɗaya ne. Zancen sayen sabon teburi bai taso ba. A watan Fabrairun ne gwamnati ta karya darajar fam, kuɗin Sudan, kuma a wannan shekara hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari.

Afrilu 2021: zarto

An ɗauki azumi ranar 13 ga Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Ratar ta kai milimita 7. A rana ta biyar ga azumi, dab da magariba, an jera kayan buɗa-baki a kan teburin kafin a fitar wa maza waje, inda ake shimfiɗa tabarmi a bakin hanya. Goggo ta ɗora tukunyar asida, wato tuwon mutanen nan, a ɓangaren ƙofa, teburin ya yi ƙasa da wannan gefe, jug ɗin hilu-mur, abin shan azumi na nan, ya kife. Jan ruwan ya bi ta kan tire ya zubo wa jikarta ’yar shekara uku da ke tsaye a gindin teburin. Ruwan sanyi ne, yarinyar ta tsorata kawai. Amma tsakanin jug ɗin da tukunyar asidar da aka sauke daga wuta a lokacin bai fi taƙi ɗaya ba, kuma kowa a kicin ɗin ya ga haka.

Washegari babban ɗan ya aro zarto.

"Inna, ƙafa ɗaya ce ta fi sauran tsawo. In na rage ta, shi ke nan."

"To, ka dai auna da kyau, ɗan nan," in ji goggo.

Ya sa alama a milimita 7 a ƙafar taga. Da kaurin bakin zarton da ɗan gocewar hannu, abin da ya fita milimita 9 ne, kuma yankan ya karkace. Ƙafar ƙofa ta zauna daram, sai rata ta milimita 2 ta buɗe a ƙarƙashin ƙafar da aka yanke. Ɗingishin ya ragu sosai, aka ƙarasa azumi da ɗan kwali. Lilon da teburin ke yi in ana niƙa kuwa yana nan.

Mayu 2021: ƙusa da gam

Bayan ƙaramar Sallah lilon ya kai santimita 2. Goggo ta koma tokare teburin da cinya tana juya injin. Ni na kawo shawarar ƙusa. Muka sayo shida masu inci uku, za mu buga ta jikin ƙafafu biyun da ke ɓangaren injin su shiga cikin ɗamara. Huɗu sun shiga lafiya. Ta biyar ta tsaga ƙafar randa daga sama, tsagar ta sauko santimita 11, muka tsaya. Teburin ya yi ƙarfi na kwana goma, sannan ƙusoshin suka fara buɗa ramukansu.

Wata maƙwabciya ta ce a sa farin gam na kafinta. Muka matsa shi a duk inda muka ga kafa a mahaɗun, ba tare da mun kwance komai ba, muka bar shi ya kwana. Mako biyu ya riƙe. Wata safiya ana cikin niƙa aka ji ƙas, lilon ya dawo yadda yake.

Yuli zuwa Agusta 2021: sauƙin damina

Da ruwa ya sauka sosai a Yuli, lilon ya ragu da kansa zuwa ƙasa da rabin santimita. A kan wannan teburi aka yanyanka naman layya ranar 20 ga Yuli, ba wanda ya yi ƙorafi. Goggo ta ce ashe gam ɗin ne sai yanzu ya kama.

A ƙarshen Agusta ɗingishi ya dawo, ya ma fi na da. Yanzu ratar a ƙarƙashin ƙafar taga take, milimita 8. Kwali ya kasa, aka sa guntun tayil.

Nuwamba 2021: binciken kafinta

Ruwa ya ɗauke, iska ta bushe, lilon ya kai santimita 3. Ranar 14 ga Nuwamba aka kira wani dattijon kafinta na unguwar, wanda kowa ke kira Usta. Bai zo da zarto ba. Tef ɗin awo ne a aljihunsa, da zare, da wani dogon mesa na roba wanda ake ganin cikinsa.

Ya fara da tambaya. "Hajiya, yaushe ya fi damunki, da rani ko da damina? Kuma wane aiki kike yi a kansa in ya fi motsi?"

"Usta, da rani yana lilo, da damina yana ɗingishi. In ina niƙa kuwa kamar zai bi ni."

Ya sa muka kife teburin a tsakar gida, ƙafafu sama. Ya auna kowace daga gindin fuskar teburin. Uku santimita 72 cif, ta taga 71 da milimita ɗaya. Sannan ya ja zare biyu kusurwa da kusurwa, ɗaya daga tafin ƙafar ƙofa zuwa na murhu, ɗaya daga na taga zuwa na randa. Ya ce in tafukan huɗu a shimfiɗa ɗaya suke, zaren biyu za su shafi juna a tsakiya. Namu akwai kusan milimita 4 da rabi a tsakaninsu, rabin abin da aka yanke. Wato kafin a sa zarto, ƙafafun huɗu daidai suke.

Daga nan ya koma kicin. Ya zuba ruwa a mesan, na riƙe baki ɗaya, ya riƙe ɗaya, muka bi wuraren da ƙafafun ke zama. Ruwa a mesa yakan tsaya a tsayi ɗaya a bakuna biyu, saboda haka da ɗan katakon awo ana gane inda daɓe ya yi ƙasa. Wurare uku kusan daidai suke. Wurin ƙafar ƙofa ya yi ƙasa da milimita 3. Da muka haɗa da awon da na rubuta a baya, lissafin ya fito: a Afrilu wurin ya sauka milimita 7, a Agusta ya taso har saura ɗaya, yanzu ya kama hanyar sauka kuma. Usta ya fita ya nuna indararon da ke zubar da ruwan rufin dab da bakin ƙofar. Lakar da ke wannan gefen ita ke fara shan ruwa, ita ke fara bushewa.

Ya dawo kan teburin ya kama kowace ƙafa ya girgiza. Cikin mahaɗa takwas, biyar suna motsi. Ya zura bakin wuƙa a ɗaya, ta shiga ba tare da an matsa ba. Bayanin da ya yi shi ne katako yana shan laimar iska ya kumbura, in iska ta bushe ya tsuke, kuma a faɗi yake yin haka, a tsawo kusan ba ya motsi. Ma'aunin da aka saba bi shi ne duk raguwar laimar katako da kashi 4 cikin ɗari, faɗinsa yakan ragu da wajen kashi ɗaya. A harshe mai faɗin santimita 5 wannan bai kai milimita guda ba, amma ya isa ya gajiyar da tsohon gam bayan rani bakwai da damina bakwai. Injin niƙa kuma yana tura teburin gaba da baya sau dubbai a mako, kowace turawa tana ƙara buɗa ramin.

"Duwatsun murhu uku ne, shi ya sa tukunya ba ta ɗingishi ko a kan wace ƙasa," in ji shi. "Ƙafa ta huɗu ce ke neman a yi mata wuri."

Ya ce a jira zuwa Disamba, katakon ya ƙara bushewa, domin mahaɗin da aka matse lokacin da katako ya tsuke ƙara kamawa zai yi in damina ta zo.

Disamba 2021: gyaran

An yi aikin cikin kwana uku, daga 18 ga wata.

Ranar farko kwancewa ce. Usta ya sa wa kowane harshe da raminsa lamba da fensir, ya cire fuskar teburin, ya zare ƙusoshinmu biyar da filaya. Mahaɗa biyar ɗin nan da hannu suka fita. Uku masu ƙarfin bai taɓa su ba. A cikin ramukan muka ga abin da gam ɗinmu na watan Mayu ya yi: ya tsaya a baki kamar busasshen koko a gefen kwano, bai shiga ko santimita ɗaya ba, kuma a kan tsohon gam ya kwanta. Farin gam ƙofofin jikin katako yake shiga ya kama, ba ya riƙe tsohon gam, ba ya kuma cike rata. Mun shafe fiye da awa biyu muna kankare harsuna da ramuka da wuƙa da samfefa har farin katako ya fito. Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma Usta bai yarda a gaggauta shi ba. Kowane rami sai ya zura yatsa ya ji babu santsi.

Ƙafar randa da ta tsage, ya buɗa tsagar da ɗan tsinke, ya tura gam ciki da bakin wuƙa, ya naɗe ta tam da igiyar robar da ya yanko daga tsohon tubun keke. Kowane harshen da ya rame kuma ya manna masa siririn falle na katako a gefe. Aka bar su suka kwana.

Rana ta biyu ya fere fallayen a hankali, yana gwadawa, har kowane harshe ya zama sai an buga da tafin hannu yake shiga. Da sassafe aka yi haɗin, kafin rana ta ɗaga, domin a busasshiyar iska gam yakan yi fata cikin ’yan mintuna. Ya shafa a rami da harshe duka, ya haɗa. Ba shi da ƙarfen matsi mai tsawon teburin, sai ya kewaye ƙafafun da igiya riɓi biyu, ya sa kwali a kusurwoyi don kada ta ci katako, ya zura sanda a tsakiya ya murɗa har gam ya fara tsattsafowa. Nan take ya auna kusurwa da kusurwa. Ɗaya ta fi ɗaya da santimita guda. Ya tura doguwar da gwiwa har duka biyun suka zama santimita 122 da rabi, sannan ya tokare sandar. Ya ce kada a taɓa sai bayan awa 24.

Rana ta uku ya yanka ƙananan katakai huɗu na bagaruwa, itacen da ake kira sunut a nan, wanda ke fitowa a bakin kogi kuma ya fi muski tauri nesa ba kusa ba. Ya sa kowane a cikin kusurwa, a karkace, ya haɗa ɗamara biyu. Kowane sukuru sai da ya fara huda masa rami da siririn ƙarfe kafin ya ɗaure. Ba abin da ya tsage.

Saura ƙafar taga. Na ɗauka zai manna mata katako ya mayar da abin da aka yanke. Maimakon haka ya daidaita karkataccen yankan har ragin ya zama milimita 15, ya huda tafin ƙafar, ya dasa noti a ciki, ya ɗaura ƙusa mai zare mai kaurin milimita 10, kanta yana kallon ƙasa. Irin wannan ƙusa, juyi ɗaya cikakke milimita ɗaya da rabi take fita ko shiga. Tunda ƙafar taga ba ta kan layin kusurwa ɗaya da ta ƙofa, duk abin da daɓen ƙofa ya yi ana iya biyansa daga nan: in ya sauka a mayar da ƙusar ciki, in ya taso a fito da ita. Aka mayar da teburin, aka juya ƙusar har ta taɓa ƙasa, aka zana wurin kowace ƙafa da fenti a kan daɓe. Injin niƙa ya dawo daidai kan ƙafar murhu, ba tsakiyar gefe inda yake a da ba. Babban ɗan kuma ya ƙara wa indararon bututu, ruwan ya riƙa zuba mita biyu daga bango.

2022: rani ɗaya, damina ɗaya

Daga Janairu zuwa Afrilu an mayar da ƙusar ciki juyi biyu. An yi azumin Afrilu ba kwali a ƙarƙashin kowace ƙafa. A Agusta, watan da ambaliya ta yi ɓarna a Managil da wasu sassan Jazira, an fito da ita juyi uku. Goggo da kanta ke juyawa da ƙaramar spana. Awon ƙarshe na yi shi ranar 12 ga Nuwamba: lilo bai kai milimita 2 ba ko ana niƙa, tsagar ƙafar randa ba ta buɗe ba, katakan kusurwa ba su motsa ba.

Hukunci

Cuta biyu ce ta haɗu a teburi ɗaya, kuma kowace da lokacinta. Lilo daga mahaɗai yake, ya fi tsanani da rani. Ɗingishi daga daɓe yake, yana canzawa da yanayin lakar. Duk abin da muka gwada kafin Nuwamba ɗaya yake nufa ya bar ɗaya, wani ma bai nufi ko ɗaya ba.

A ganina kwalin goggo ya fi zarto da ƙusa dacewa da matsalar, domin shi ana iya ƙara shi a rage shi, kuma bai ɓata komai ba. Aibinsa lotsewa da zamewa. Ƙusa mai zaren da Usta ya sa aikin kwalin take yi, da ƙarfe. Zarto ya yi wa ratar wata guda maganin dindindin, shi ya sa da daɓen ya taso a Agusta aka sami milimita 8 inda da ba a yanka ba ɗaya kawai za a samu. Ƙusoshin da na kawo shawararsu sun fi kome ɓarna. A katako mai laushi, kusa da baki, ba tare da an huda rami ba, tsagewa ce ke biyo baya, kuma ƙusa mai santsi ba ta jure turawa gaba da baya. Gam ɗin Mayu gam ne mai kyau, irinsa Usta ya yi aiki da shi. Bambancin kankarewa ne, da cike ramar harshe, da matsi, da jiran awa 24. Sauƙin Yuli kuwa kumburin katako ne, kuma ya sa mun yi asarar wata huɗu.

Abin da ya juya lamarin awo ne da bai ɗauki rabin awa ba, da zare biyu da mesan ruwa. Da mun kife teburin mun ja zaren nan a watan Maris, da ba a taɓa ƙafar taga ba.

Abu biyu ba a gyara ba. Tsagar daɓen tana nan, kuma za ta ci gaba da motsi muddin lakar na ƙarƙashinta. Injin niƙan ma har yanzu a kan teburin yake. Usta ya so a kafa masa turke na kansa a jikin bango, ni ma ra'ayina ke nan, domin muski ba katakon wannan aiki ba ne. Goggo ta ce a wurin taga take ganin haske, kuma daga nan take hango yara a tsakar gida. Spanar tana rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin.